Jatau a Ruwan Timiya

A rijiyar Adarbisanat na fara gane cewa a ayari dabba ake dubawa kafin a dubi mai ita. Mun iso da hantsi tare da Buzayen da muka biyo daga kwarin Tarka, sai madugunsu, wani dogon dattijo mai suna Agali, ya bi layi yana duba kaya. Da ya zo kaina bai kalli fuskata ba. Ya ɗaga ƙafar takarkarina, ya danna kofaton da babban yatsa, ya shafa salkunan da ke rataye, sannan ya wuce wurin jakar Arzika ya yi mata haka. Da ya gama ya gaya mana dokar hanya da Hausarsa mai nauyi. Kowa dabbarsa ke ɗaukar masa ruwa, domin raƙuma suna da nasu kayan. Wanda dabbarsa ta faɗi, a gari na gaba zai tsaya. Shi ba ya raba salka ɗaya tsakanin mutum biyu.

Arzika ya bari madugu ya yi nisa, ya ce ashe a nan Jatau ne maigida, mu biyu 'yan rakiya ne. Jatau shi ne takarkarin, jan sa mai gajeren ƙaho, shi kaɗai ya rage mini bayan shekarun fara. Arzika kuwa ɗan goggona ne, taubashina. Tun muna yara bawa nake ce masa, shi kuma yana ce mini ubangida, yana ƙarawa da cewa bai taɓa ganin ubangida mai wando ɗaya ba sai Nomau.

Daga Dakoro muka fito. A lokacin wurin rijiya ne da 'yan bukkoki, sai an je Birnin Lalle ake ganin kasuwa. Na bar matata Tasalla da 'ya'yanmu biyu a gidan ubanta, da ragowar geron da muka auna muka ga zai kai su farkon ɗari idan an yi hankali. Buzayen da ke kiwon raƙuma a wajenmu sun ce a duwatsun Abzin akwai masu garka, wato lambun ban ruwa, da ke neman sa mai jan ruwa, suna biya da dabino. Muka shirya mu hau da ayari a farkon damina, mu yi aiki, mu sauko da ayarin gishiri idan sanyi ya shigo. Ayarin nan sau ɗaya yake saukowa a shekara, wanda ya rasa shi ya rasa shekarar.

Daga Adarbisanat ƙasa ta fara sauyawa. Itatuwa suka gajarce, rairayi ya koma tsakuwa. Buzayen ba su cuce mu ba, ba su kuma jawo mu a jiki ba. Idan an sauka suna hura wutarsu, mu hura tamu. A gangaren Tigidit wata mata daga wani zango ta ga Arzika yana tauna busasshen gumba, ta aiko masa da ƙwaryar nonon raƙumi. Ya sha, cikinsa ya ɓaci har kwana biyu, amma ya ce ko gobe aka ba shi zai sha, domin tun da muka bar gida ba wanda ya miƙa masa abu bai nemi wani abu ba.

A Agadas muka kwana uku ana sayar da gero. Can ne wasanmu ya kusa jawo mana masifa. Muna cikin kasuwa na kira Arzika da sunan da na saba kiransa, na ce bawa ya riƙe mini igiya. Wani dillali mai baƙin rawani ya matso, ya kama hannun Arzika yana matsa damtsensa, ya tambaye ni nawa zan bari. Arzika bai ɓata rai ba. Ya buɗe baki ya nuna masa haƙora, ya ce yana cin tuwon mutum uku, aikin rabin mutum yake yi, kuma yana magana a cikin barci. Mutane suka yi dariya, dillalin bai yi ba. Da labarin ya kai ga madugu ya kira mu gefe, ya ce wannan wasa na ƙasarmu ne, mu bar shi can. A nan idan shaidu biyu suka ji ka kira mutum bawa, sai ya wahala kafin ya fid da kansa. Daga ranar sai muna mu kaɗai nake kiransa haka, murya ƙasa-ƙasa.

A wannan kasuwar wani baduku ya ce mini kofaton san rairayi ba ya jure dutse, dole in yi wa Jatau takalma. Gaskiya ya faɗa. Na ba shi gero mai yawa, ya ba ni takalman fata guda huɗu, an shafe su da mai suna ƙyalli. Ranar farko da muka shiga duwatsu suka tsattsage kafin azahar. Da na duba sai na ga tsohuwar guga ce ya yanka.

Ni da ban taɓa ganin dutsen da ya fi na niƙa girma ba, sai ga ni a ƙasar da ba komai sai shi. Baƙaƙe ne, wasu kamar an jera su da hannu, wasu kamar an watsar. Rana tana dukansu suna mayar da zafin a fuska. Jatau ya fara ɗingishi a ƙafar gaba. Kullum da safe madugu yana zuwa ya tsaya ya kalle shi, ya wuce. Arzika ne ya kwance warkinsa, ya yanka shi biyu, ya ɗaure ƙafar da shi. Ya ƙarasa tafiyar da ɗan tsumma a gindi, yana cewa idan mun koma gida zai kai ƙarata wurin goggo, domin na tuɓe ɗanta na yi wa sa sutura.

Timiya tana cikin wani kwari mai tsawo tsakanin duwatsu. Busasshiyar ƙorama ta ratsa tsakiya, gefe da gefe dabino ne da garake, gidajen kuma suna manne da gindin dutse. Madugu ya haɗa mu da wani mai garka ana ce masa Sidi, mutum mai taushin murya wanda sansa ya mutu a bazara. Muka yi magana a gaban madugu. Za mu shayar da masararsa har ta nuna, mu shuka alkama mu shayar da ita har ranar da ayari zai tashi, shi kuma zai ciyar da mu ya cika mana taiki biyu na dabino.

Aikin haka yake. A bakin rijiya akwai itatuwa biyu a tsaye da wani gungume mai juyawa a samansu. Igiya ta bi ta kansa ta sauka zuwa wasaki, babbar gugar fata mai dogon baki. Sa yana ja, yana gangarawa ta wata 'yar hanya da aka haƙa daidai tsawon igiyar. Idan wasaki ya iso sama sai bakinsa ya saki ruwan cikin fafaffen kututturen dabino, ruwan ya bi magudana zuwa fangali. Sai a juyo da sa, a koma, a sake. Ni nake bin Jatau. Arzika yake tsaye cikin ruwa da fartanya, yana buɗe wannan fangali yana toshe wancan. Daga fitowar rana har ta take tsaka, sannan daga la'asar har ta faɗi.

Jatau ya koyi aikin da wuri. Bayan ɗan lokaci ba sai na ja shi ba, da ya ji ƙarar zubar ruwa sai ya juya da kansa. Kafaɗarsa ta yi kanta, ta fashe, ta warke. Ina shafa masa man shanu daga rabon abincina.

Abin da ya fi damuna a garin ƙarancin sama ne. A Dakoro mutum yana ganin hadari tun yana Kornaka, ya san ko nasa ne ko na wasu. A Timiya sama 'yar tsaga ce tsakanin duwatsu biyu. Rana tana makara wajen fitowa, tana saurin ɓacewa. Ruwa yakan sauka can bisa dutse ba ka ga ko ɗigo ba, sai ka ji ruri, ƙorama ta taho da itace da gawar awaki, kafin yamma ta wuce kamar ba a yi ba. Idan na ga haka nakan yi tunanin ko an yi ruwa a gida, ko surukina ya samu irin shukawa, ko rumbun ya kai inda muka auna.

Akwai wata tsohuwa da ke kawo mana abinci daga gidan Sidi, sunanta Inna Kulu. Ranar farko da ta ji muna magana ta ajiye akushi ta tsaya. Bagobira ce, tana yarinya aka kamo ta, an daɗe da 'yanta ta amma ba ta san inda za ta koma ba. Hausarta ta tsufa a bakinta, wasu kalmomin sai ta nema. Ta tambaye mu ko har yanzu gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Muka ce yana nan yadda ta bar shi. Ta ce ta gaya wa mutanen nan sau da yawa, sun ce ƙarya take yi, babu itacen da zai yi haka. Daga ranar takan ɓoye mana ɗan cuku ko rumman a ƙasan akushi. Ni take ce wa ɗana, Arzika kuma mai baki.

Da masara ta nuna sanyi ya sauko daga duwatsu. Ban san irinsa ba. Da safe ruwan magudana yana yanka ƙafa kamar wuƙa, Arzika kuwa cikinsa yake yini. Ya fara tari. Da farko yana mayar da shi wasa, yana cewa Buzanci yake koyo, haka ake fara shi. Daga baya idan tarin ya kama shi sai ya dafa fartanya ya jira ya wuce. Na ce mu yi musaya, ya ce Jatau ba ya jin maganar bayi.

Raƙuman da suka tafi Bilma ɗaukar gishiri suka dawo, ramammu, ƙasusuwansu a waje. Madugu Agali ya ce za su huta kaɗan, sannan a nufi kudu. Na je na duba Jatau ƙafa da ƙafa. Kofatansa sun yi tauri, ya saba da dutse. Na ɗinke salkunanmu, na jiƙa su. Ban taɓa jin gida kusa kamar a kwanakin nan ba.

Mutanen Timiya suna da wurin hutawa ɗan nesa da gari. Idan matafiya sun dawo lafiya, gari yakan fita can a yini. Sidi ya ce ranar ba aiki, mu ma mu je mu ga abin da ba mu da shi a ƙasarmu. Ina shirin ɗaure Jatau a inuwa in zuba masa karan masara, sai Arzika ya ce:

"Kai ubangida, wa ya yi aikin ga? Kai tafiya kawai kake bayan wutsiya. Wanda ya ja ruwan garin ga duka shi za a bari gida, mu mu tai kallon ruwa?"

Na ga maganarsa daidai ce. A wajenmu ba a zuwa bakin ruwa a bar dabba a baya. Mutumin da ya yi haka sai a tambaye shi lafiya. Na kama igiyar hancin Jatau muka bi jama'a.

A bakin wata tsaga ta dutse muka ga an ɗaure raƙuma da jakuna ƙarƙashin itatuwa. Arzika ya bar jakarsa a nan domin tana da taurin kai a matsatsi. Mun ɗauka raƙuman tsayinsu ne ya hana su shiga. Jatau ya bi ni ba gardama. Waɗanda muka wuce suna kallonmu, wasu suna murmushi, amma mun saba, tun da muka zo ake kallonmu.

Da tsagar ta buɗe sai ga wurin. Dutse ne baƙi ya kewaye shi kamar ganuwa, ruwa yana zubowa daga can sama, siriri, yana faɗawa cikin wani babban kwano na dutse. Ruwan kore ne, mai haske, ana ganin duwatsun bakinsa a ƙasa. Gaban kwanon akwai farin rairayi da 'yan itatuwa, nan gari ya baje tabarmi. Dattawa sun haƙa gurabun dara suna bugawa. Mata sun ɗaure fata a bakin turmi suna kiɗa, wasu suna tafi. Samari suna hawa wani tudu suna faɗawa ruwa, su fito suna rawar ɗari su kwanta kan dutsen da rana ta gasa. Ana gasa akuya, ana fasa rumman, yara suna wasa da ƙwallon goriba.

Inna Kulu ta yafito mu, ta ba mu wuri kusa da ita. Muka ci nama da gurasar alkama da aka gasa cikin toka. Arzika ya kwanta a rana, tarin ya sake shi. Ya ce idan ya koma gida zai gaya wa mutanen Birnin Lalle ya ga garin da ake zuwa wurin ruwa ba don a ɗiba ba, sai don a zauna a kalle shi, kuma ya san za su ce ƙarya yake. Wani dattijo ya kira ni dara, na ci shi sau ɗaya, ya cinye ni sau biyu, ya dafa kafaɗata. Tun da na bar Dakoro ban zauna haka ba, hannuna ba igiya, cikina a cike. Na daɗe ina kallon ruwan nan yana zubowa, ba mai ja, ba mai juyawa.

Jatau yana tsaye bayanmu yana huci, hancinsa wajen ruwa. Da rana ta take na tashi na kai shi. Na yi abin da kowane mai shanu yake yi a bakin tafki da damina: na kwance igiyar daga hannuna, na ɗora masa a wuya, na buga masa cinya ya shiga ya jiƙa ƙafafu. Tafkunanmu laka ce a ƙasa, tana riƙe kofato, zurfin kuma a hankali yake zuwa. Wanda ya girma a can ba ya tunanin ruwa yana da wani irin gindi.

Matan da ke kusa suka tashi suna ɗaga hannu suna magana da ƙarfi da harshensu. Na ɗauka tsiya suke yi mana yadda aka saba. Arzika ma ya ɗaga musu hannu yana dariya.

Dutsen da ke ƙarƙashin ruwan sumul yake, gansakuka ta rufe shi, kuma a karkace yake. Jatau ya taka sau biyu. A na uku ƙafafunsa na gaba suka zame suka rabu, ɗaya ta faɗa cikin wata tsaga, nauyinsa duka ya bi ta kai. Na ji ƙarar daga inda nake, kamar an karya busasshen icce a gwiwa. Kiɗan ya tsaya.

Maza suka shigo da igiyoyi, muka ja shi zuwa rairayi. Akwai maɗori a cikin jama'a, ya durƙusa ya duba. Ƙashin ya huda fata ya fito ƙasa da gwiwa. Ya miƙe ya share hannunsa a riga, ya yi magana da madugu, madugu ya gaya mini da Hausa abin da na riga na gani. Ya ƙara da cewa ba a shigo da dabba wurin nan, kowa ya sani, shi ya sa ba wanda ya yi tunanin faɗa mana.

Muka juya shi ya fuskanci gabas. Na riƙe masa kai, limamin garin ya yanka. Arzika yana tsaye cikin ruwa har gwiwa, ya manta ya fito, sai da Inna Kulu ta je ta jawo shi.

Mutanen garin sun yi mini abin da za su iya. Madugu ya tsaya aka yi watanda a nan take, kowane gida ya ɗauki kashi ya yi alkawarin dabino, kuma washegari duk suka kawo, har da waɗanda na san ba su da shi. Sidi ya zo da taushin muryarsa ya yi mini jaje. Ya ce ƙirgin zai riƙe, tunda wasakinsa ya tsufa kuma san a hannunsa yake ci. Ya ce alkama ba ta samu ruwan da aka yi magana ba, saboda haka taiki ɗaya zai cika maimakon biyu. Ban yi gardama ba. Ba dabino ne a raina ba.

Na bi gari gida-gida ina neman jaki. A wannan lokaci na shekara ba mai sayar da dabba, duk mai ƙafa huɗu an riga an yi masa kaya. Wani ya nuna mini wata tsohuwar jaka mai gyambo, madugu ya dube ta ya ce ba za ta kai Agadas ba. Na roƙe shi ya sauke kantun gishiri ɗaya daga raƙumi ya ɗora salkunana, in ba shi dabinon watanda duka. Ya ce gishirin ba nasa ba ne, na gidaje ne da ke jiran geron da za a musanya da shi, raƙuman kuma da ƙyar za su kai da abin da ke kansu. Arzika ya ce to mu raba ruwan jakarsa, shi ba ya sha da yawa. Madugu ya ce da rani rijiyoyin Tadaras nesa suke da juna, ya taɓa yarda da irin wannan roƙo sau ɗaya, kuma shi ya haƙa ramin mutanen biyu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce jaka ɗaya, mutum ɗaya, mu zaɓa.

Muka zauna a bakin rijiyar Sidi da rana tsaka. Arzika ya ce in ɗauki jakar in tafi, ni ke da mata da 'ya'ya, shi uwa kaɗai gare shi, kuma bakinsa ne ya kai Jatau ruwa. Na ce hannuna ne ya sake shi, wannan maganar ba ta da amfani. Na riga na auna abin. Ko wa ya tafi, kayan da jaka za ta iya ɗauka bayan ruwa ɗaya ne, shi zai isa gida a raba tsakanin gidan goggo da gidan surukina. Wanda ya zauna kuwa, Sidi ya faɗa a fili, sai ya ja wasaki da ƙirjinsa kafin ya ci tuwo, har alkama ta nuna. Na ce masa ya saurari tarinsa. Idan ya zauna ba zai ga bazara ba, ni kuma in je in gaya wa goggo me?

Ya ce to baɗi sai in sauko. Na ce in Allah ya so. Mu duka mun san mai jan ruwa da ƙirji cikinsa kawai yake ci da shi, ba ya tara abin sayen jaki.

Ranar da ayari zai tashi na kira madugu da wani dattijo daga cikin matafiya, na ce ina son su zama shaidu. Arzika yana ɗaure salka, ya ɗago.

"Ka gaya wa Tasalla," na ce, "in ayarin baɗi ya sauka ba ni ciki, na sake ta. Ta yi idda ta yi aure. Ɗiyan su zauna inda za su ci."

"Ba ni ɗaukar wanga kaya," in ji Arzika. "Jakata ta cika."

"Ba nauyi gare shi ba."

"Kai ka san nauyinshi? Kai za ka tsaya gaban tsohonta ka faɗa?" Tari ya kama shi, ya dafa jakar har ya lafa. "Ka bari sai baɗin mana, Nomau. Mi kake sauri?"

Na ce masa baɗi ba ni da wanda zan aika wanda za a yarda da shi. Mace mai miji a duwatsu ba mai aurenta, ba kuma mai ciyar da ita, tsohonta ya gaji. Madugu ya ce sun ji, sun shaida. Ya maimaita maganar kalma da kalma domin kada a samu saɓani, ya tambaye ni ko haka ne. Na ce haka ne.

Inna Kulu ta kawo ɗan ƙunshin cuku ta cusa a kayan Arzika. Ta ce idan ya wuce gindin gawo ya tsinko mata ganye ya ba madugu. Raƙuma suka miƙe. Arzika ya kama igiyar jakarsa, ya yi taku kaɗan, ya juyo kamar zai faɗi wani abu na tsiya, bakinsa ya motsa, sannan ya juya ya bi layi. Na tsaya har kwanar dutse ta rufe su, ba ta da nisa.

Na ja ruwan alkama har ta nuna. Da bazara Sidi ya samu wani sa, ya bar ni a fangali, ladana abinci da tsohuwar riga. Abin da na tara a wannan shekara bai kai rabin kuɗin jaki ba.

Da damina ta faɗi ayari ya hauro da gero. Na tari madugu Agali tun bai sauke kaya ba. Ya ce Arzika ya isa da rai, ko da yake a kan jakar ya ƙarasa. Ya ce shi da kansa ya ratsa ta Dakoro, aka tara surukina da Tasalla, aka faɗi saƙon a gabansa. 'Ya'yan suna nan, ƙaramin ya rame. Na tambaye shi abin da Tasalla ta ce. Ya ce ba ta yi kuka a gabansu ba, kuma abu ɗaya ta tambaya: a wane wata ayari yake saukowa. Ya gaya mata.

Ayarin ya sauka a watan da aka gaya mata. Ni ina cikin fangalin Sidi, ina toshe ruwa.